TOGACIYA A AJIYAR KO-TA-KWANA: NAZARIN ALAMOMIN WAKILCI A SUNAYEN FAYILOLI

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya kai shekarar ƙarshe a wannan sashe ya san cewa dukiyarsa ba ta wuce abin da ke cikin kwamfutarsa ba, watau babukan kundinsa, da hirarrakin da ya naɗo daga bakin dattawa, da hotunan takardun ajami waɗanda aka ba shi aro na wuni ɗaya. Saboda haka ne malamai ba su gajiya da gargaɗinmu da mu riƙa kwafe aikinmu muna adanawa a wani wuri dabam, ko a faifan waje ko a rumbunan intanet, don gudun ɓacin rana. Irin wannan kwafi shi ne za a kira ajiyar ko-ta-kwana a cikin wannan takarda.

To, amma ba kome da kome ake kwafewa ba. Akwai tarkacen da bai cancanci a ɓata masa wuri ko lokaci ba, don haka sai a gaya wa manhajar da ke kwafin cewa ta ɗauki kome, ban da kaza da kaza. Wannan "ban da" ɗin ita ce togaciya, wadda masu nahawun Larabci ke kira istisna'i. Tun da yake ba zai yiwu mutum ya zauna ya lissafa sunayen fayiloli ɗaruruwa ɗaya bayan ɗaya ba, sai ya rubuta wani ɗan gajeren zubi mai ɗauke da alamomi na musamman, ya bar na'ura ta tsame duk sunan da ya dace da zubin. Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa waɗannan alamomi nahawu ne ƙarami mai ƙa'idojinsa, wanda ɗalibin harshe ya fi kowa saurin ganewa, da kuma cewa kuskure a cikinsa ba ya yin ƙara: fayil ɗin da aka toge bisa kuskure ba ya kuka, sai ranar da aka neme shi aka rasa.

Abin da ake togewa

Fayilolin da ke cikin kwamfutar ɗalibi ba daraja ɗaya gare su ba. Akwai waɗanda na'ura ce ke haifar su da kanta don biyan wata bukata ta ɗan lokaci. Manhajar Word, alal misali, duk sa'ad da aka buɗe takarda sai ta ƙirƙiri wani ɗan ɓoyayyen fayil mai farawa da ~$ a kusa da ita. Windows kan ajiye Thumbs.db a foldojin hotuna, kwamfutocin Apple kuwa .DS_Store suke bari a kusan duk inda aka leƙa. Waɗannan ko an share su za su sake tsirowa kamar ciyawar damina, don haka toge su ba asara ba ce.

Akwai kuma waɗanda nauyinsu ne ke sa a yi tunanin barin su. Sautin da aka naɗa a tsarin WAV irin na faifan CD, watau awo 44,100 a daƙiƙa, kowane awo baiti 2, a kan layi 2, yana cin baiti 176,400 a kowace daƙiƙa. Minti ɗaya ya haura megabaiti 10 ke nan, awa ɗaya kuwa kimanin megabaiti 635. Ɗalibin da ke sayen data da kuɗin abincinsa idan ya ga haka, abin da zai fara zuwar masa shi ne ya toge WAV ɗin ya ajiye MP3 mara nauyi. A ganina wannan juya al'amari ne a baibai. Daga WAV ana iya sake fitar da MP3 sau dubu, amma daga MP3 ba a komawa ga asalin sautin, domin an riga an zubar da wani sashe nasa wajen matse shi. Wanda zai auna tsawon wasali ko karin sauti a manhajar Praat asalin yake bukata. Ma'aunin da ya dace a yi amfani da shi ba nauyi ba ne, tambaya ce guda: idan wannan fayil ya ɓace, na'ura za ta iya sake yin sa ba tare da na koma ƙauye ba? In amsar i ce, a toge shi. In a'a ce, komin nauyinsa a ɗauka.

Kashi na uku shi ne amana. Wani lokaci wanda ake hira da shi yakan faɗi magana ya ce kada ta fita, ko ya nuna takardar gado ta gidansu bisa sharaɗi. Irin wannan ana toge shi daga ajiyar da ke tafiya intanet, a yi masa tasa ajiyar a faifan da ke hannu. Mai karatu zai lura cewa a nan haɗarin ya juya: a kashi na farko da na biyu tsoron shi ne zubi ya kama abin da ba a nufa ba, a nan kuwa tsoron shi ne ya kuskure abin da aka nufa.

Suna da turba

Kowane fayil yana da suna, kuma galibi sunan yana da wutsiya bayan ɗigo wadda ke nuna irinsa, kamar .docx ko .pdf ko .wav. Fayiloli suna zaune cikin foldoji, foldoji kuma cikin wasu foldojin, kamar ɗaki cikin sashe, sashe cikin gida. Jerin foldojin da ake ratsawa kafin a kai ga fayil shi ne turbarsa, ana kuma raba su da karkatacciyar sanda:

(1) Bincike/kundi/babi1.docx

A tsarin Linux da na Apple sandar gaba take karkata kamar yadda aka gani, a Windows kuwa baya take karkata. Zubin togaciya da wannan turba ake gwada shi, wani lokaci da dukkanta, wani lokaci da sunan ƙarshe kaɗai, kuma za a ga nan gaba cewa rabin rikicin daga nan yake tasowa.

Alamomin wakilci

Asalin waɗannan alamomi yana komawa ga tsarin Unix wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka gina a ɗakunan bincike na Bell a jihar New Jersey ta Amurka. A littafin jagora na farko na tsarin, wanda ya fito a 1971, akwai wata 'yar manhaja mai suna glob wadda aikinta shi ne ta karɓi zubi ta mayar da shi jerin sunayen fayilolin da suka dace da shi. Daga baya aka shigar da wannan aiki cikin manhajar karɓar umarni ita kanta, wadda ake kira shel, kamar yadda yake a shel ɗin Stephen Bourne na 1979. Har yau sunan glob bai bar irin wannan zubi ba.

Ɗalibin Hausa ba baƙo ba ne ga tunanin da ke ƙarƙashin abin. A darasin tsarin sauti an koya mana cewa gaɓar Hausa iri uku ce, BW da BWW da BWB, inda B ke wakiltar kowane baƙi, W kuma kowane wasali. Harafin B a nan ba shi ne kansa ba, wakili ne. Haka alamomin glob suke. Alamar tambaya (?) tana wakiltar harafi ɗaya tak, ko wane ne. Baka-biyu masu kusurwa suna wakiltar harafi ɗaya daga cikin waɗanda aka zuba a ciki, don haka [aeiou] shi ne W ɗinmu, [0-9] kuma kowane alƙalamin lissafi. Tauraro (*) kuwa, wanda shi ne babbansu, yana wakiltar kowane jerin haruffa, mai tsawo ko gajere, har da jerin da babu kome a cikinsa.

(2) babi?.docx
(3) babi[1-3].docx
(4) *.pdf

Zubi na (2) zai kama babi1.docx har zuwa babi9.docx, amma ba zai kama babi10.docx ba, domin gurbi ɗaya aka bari. Na (3) babuka uku na farko kaɗai zai kama. Na (4) kuwa duk sunan da ya ƙare da .pdf nasa ne. Ya kamata a yi hattara da abu ɗaya: mu a nazarin harshe mun saba sa tauraro a gaban jimlar da ba ta karɓu ba ko kalmar da aka yi hasashen asalinta. Wancan tauraro dabam, wannan dabam, kama ce kawai ta haɗa su.

Yanzu bari mu gwada tauraron a kan abin da muka sani. A darasin ƙirar kalma an nuna mana cewa sunan mai aikatawa yana samuwa da ɗafa-goshi ma- da ɗafa-ƙeya -i, kamar manomi da maƙeri da marubuci. Idan muka rubuta wannan a matsayin zubi zai zama:

(5) ma*i

Lalle zai kama manomi da maƙeri da marubuci. Amma zai haɗa da mabuɗi da madubi, waɗanda kayan aiki ne, da masallaci, wanda wuri ne. Bai tsaya nan ba, zai kwaso magani da mari, waɗanda ma ɗinsu ba ɗafi ba ce ko kaɗan, har ma da mai, tun da tauraro ya yarda ya wakilci babu. Mai nazarin harshe yana rarrabe waɗannan ta hanyar ma'ana da karin sauti da tarihin kalma. Na'ura ba ta da ko ɗaya daga cikinsu, siffar haruffa kurum take gani. Haka nan abin da muke ɗauka baƙi ɗaya, kamar sh da ts da ƙw, a wurinta haruffa biyu ne, don haka ?a zai kama ka da ta, ya tsallake sha.

Kama da wane ba ta wane

Ba a littafi na koyi wannan ba. Lokacin da nake aji uku na yi hutu guda ina zuwa wani ƙauye ina naɗar tatsuniyoyi daga bakin wata tsohuwa, wadda ke da wani salo na rera waƙoƙin cikin tatsuniya da ban taɓa ji a wurin kowa ba. Na zuba sautin a folda na sa mata suna tsohuwa_mai_tatsuniya. A ɗaya gefen kuma ina da al'ada, duk sa'ad da na gyara wani sashe na aikina sai in bar na da, in canza masa suna ya koma tsohon_babi1 ko tsohuwar_gabatarwa, gwargwadon jinsin kalmar. Da waɗannan suka yi yawa sai na ga ya kamata in toge su, kuma don in harbi jinsi biyu da kibiya ɗaya sai na rubuta:

(6) tsoh*

Na ji daɗin dabarata ƙwarai. Wata biyar manhajar tana kwafi duk mako tana ba da rahoton cewa an gama lafiya, kuma ba ƙarya take yi ba, abin da aka umarce ta shi ta aikata. Ranar da faifan kwamfutar ya mutu na buɗe ajiyar hankalina kwance, sai na tarar da kome yana nan ban da foldar tsohuwa. Katin na'urar naɗar sautin kuwa tuni na share shi na naɗi wani abu a kai. Na koma ƙauyen bayan damina, na same ta da rai, amma ta yi jinya muryar ta dushe, tatsuniya biyu kaɗai ta iya ba ni, waƙoƙin kuwa karanta su ta yi ba rerawa ba.

Idan aka duba kuskuren za a ga uku ne a cure wuri ɗaya. Zubin ya yi gajarta, har ya kama saiwar kalma maimakon cikakkiyar kalma. Ba a ɗaure shi a wata folda ba, don haka ya yi yawo ko'ina cikin turba. Sannan ba a bambanta masa fayil da folda ba, alhali toge folda toge duk abin da ke cikinta ne. Da na rubuta /kundi/tsoh*.docx da babu abin da ya faru. Ga bayanin yadda wannan ɗauri yake.

Matsayin sanda, da karin harshen manhajoji

Za a ɗauki misalai daga manhajar rsync, wadda Andrew Tridgell da Paul Mackerras suka fitar a 1996 a Kanbera ta ƙasar Ostareliya, domin manhajojin ajiya da dama a kanta suka dogara ko kuma ƙa'idojinta suka kwaikwaya. A wurinta inda aka sa sanda yana canza ma'ana, kamar yadda tsawon wasali ke raba fari da fāri.

(7) shara
(8) shara/
(9) /shara/

Na (7) yana kama duk abin da ake kira shara, fayil ne ko folda, a kowane zurfi. Na (8), saboda sandar ƙarshe, folda kaɗai yake kamawa, amma har yanzu a kowane zurfi. Na (9) kuwa sandar farko ta ɗaure shi a bakin ƙofa, watau foldar shara wadda ke kai tsaye cikin tushen abin da ake kwafewa, ba wata can ciki ba. A lura, tushen nan ba tushen faifai ba ne, tushen kwafin ne, kuma shi ma sanda ce ke tantance shi: in an ce a kwafe Bincike/ da sanda, tushen yana cikin foldar, in an ce Bincike babu sanda, to sai a rubuta /Bincike/shara/ kafin ɗaurin ya kama.

Tauraro ɗaya a rsync ba ya tsallake sanda. Saboda haka /kundi/*.pdf zai kama abin da ke cikin kundi kai tsaye, ya bar abin da ke cikin kundi/rataye. Mai son a bi har ƙasa sai ya ninka tauraron ya rubuta /kundi/**.pdf, domin tauraro biyu suna ratsa kowace sanda.

Sai dai kuma, kamar yadda Bakano da Basakkwace ke magana da harshe ɗaya amma kowa da karinsa, haka manhajojin nan suke, alamomi ɗaya, hukunci dabam. Manhajar tar, wadda ta samo asali daga Unix na 1979, a sigarta ta GNU tauraro ɗaya ma yana tsallake sanda idan togaciya ake yi. Manhajar Git ta Linus Torvalds, wadda ta fito a 2005, ba don ajiyar ko-ta-kwana aka yi ta ba, amma fayil ɗinta na togaciya mai suna .gitignore ya yi farin jini har wasu manhajoji suka ari tsarinsa. A wurin Git zubin a/**/b yana kama a/b, a wurin rsync kuwa sai akwai aƙalla folda ɗaya a tsakani. A shel tauraro ba ya kama sunan da ya fara da ɗigo, amma a zubin rsync da na Git yana kamawa.

Bambancin da ya fi kowanne cizo shi ne na jeri. Sau da yawa mutum yana son togaciya cikin togaciya, watau a bar dukkan PDF ban da kwafin ƙarshe na kundi. A rsync ƙa'idar da ta fara dacewa ita ke da hukunci, don haka keɓantacciya ake sawa a sama:

(10) + /kundi/kammalalle.pdf
     - *.pdf

A Git kuwa ta ƙarshe ce ke da hukunci, kuma alamar motsin rai ce ke warware togaciya:

(11) *.pdf
     !/kundi/kammalalle.pdf

Wanda ya ɗauki jerin (11) ya kai wa rsync, PDF ɗinsa ba zai shiga ajiya ba, kuma babu wanda zai ce masa uffan. Abin da su biyun suka haɗu a kai shi ne, idan aka toge folda ba a shiga cikinta sam, don haka babu wata ƙa'ida da za ta ceci ɗanta. Wanda ke son fayil ɗaya daga cikin shara kada ya rubuta /shara/, ya rubuta /shara/* bayan ya ambaci wanda yake so. Na farko kulle ƙofa ne, na biyu kuwa shiga ɗaki ne a tsince kaya ɗaya ɗaya.

Masu amfani da Windows su ma suna da nasu gadon. A zamanin DOS suna ba ya wuce haruffa 8, wutsiya kuma 3. Da aka zo da dogayen sunaye a Windows 95 sai aka ci gaba da ba kowane fayil wani gajeren laƙabi a ɓoye, kuma a faifan da wannan tsari ke aiki, umarni irin su dir da del suna gwada zubi da laƙabin ma. Sakamakon haka *.doc yana iya kama fayil mai wutsiyar .docx, domin laƙabinsa da .DOC ya ƙare. Sannan Windows ba ta bambanta babban harafi da ƙarami a suna, Linux kuwa tana bambantawa. Na'urorin naɗar sauti da yawa da manyan haruffa suke rubuta wutsiya, kamar ZOOM0001.WAV, saboda haka *.wav ba zai gan su ba a rsync sai an rubuta *.[wW][aA][vV]. Ga mai toge hirar amana, wannan kaɗai ya isa ya fitar da sirrin mutane zuwa intanet.

Baƙaƙe masu ƙugiya

Nan ne matsalar ta zama tamu ta musamman. An tsara alamomin nan ne lokacin da kowane harafi baiti ɗaya ne, kuma haruffan Ingilishi kaɗai aka yi la'akari da su. A tsarin UTF-8, wanda shi Ken Thompson ɗin da Rob Pike suka ƙirƙiro a 1992 kuma shi ake amfani da shi a yawancin wurare yanzu, haruffa a zuwa z suna nan a baiti ɗaya ɗaya, amma ɓ da ɗ da ƙ kowanne baiti biyu ne. Wasu manhajoji haruffa suke ƙirgawa, wasu kuwa baiti. A wurin masu ƙirga baiti, zubin ?asa zai kama kasa da masa da wasa, amma ya tsallake ƙasa, domin ƙ gurbi biyu take cikewa. Haka kuma [kƙ]asa ba zai yi abin da ake zato ba. Ko inda aka ce wa manhaja ta daina bambanta babba da ƙarami, sau da yawa a zuwa z kaɗai take nufi, Ƙ da ƙ suna nan a matsayin baƙin juna.

Masu sa alamar karin sauti a sunan fayil suna da ƙarin wata. Harafin à ana iya rubuta shi da lamba ɗaya, ana kuma iya rubuta shi da lamba biyu, watau a sannan alamar faɗuwa a bisanta. A ido ɗaya suke, a wurin na'ura kuwa suna biyu ne. Tsohon tsarin faifan Apple mai suna HFS+ a rarrabe yake adana su, alhali yawancin allunan rubutu a haɗe suke fitar da su, don haka zubin da aka buga da hannu yana iya ƙin kama sunan da ya fito daga can.

Sai kuma alhamza, wadda ba mu da makawa daga gare ta a kalmomi irin su ma'ana da 'ya'ya da 'yan kasuwa. Da farko dai iri-iri ce: akwai miƙaƙƙiya ta allon rubutu, akwai lanƙwasasshiya wadda Word ke musanyawa da kanta, kuma lambobinsu dabam. Na biyu, ita miƙaƙƙiyar aiki gare ta a shel. Shi shel yana fassara tauraro tun kafin manhajar ajiya ta gan shi, don haka ake kulle zubi tsakanin alhamza biyu a hana shi taɓawa, kamar --exclude='*.tmp'. To, idan zubin da kansa yana ɗauke da alhamza, sai shel ya ɗauka an rufe kullen a tsakiyar kalma, umarni ya watse. Mafita ita ce a zuba dukkan zubin cikin fayil guda, kowane a layinsa, a nuna wa manhaja shi da --exclude-from, domin shel ba ya leƙa cikin fayil.

Wasu na ba da shawarar a daina sa ƙugiya a sunan fayil gaba ɗaya. Ni dai wannan ba ta kwanta mini ba, domin wanda ya shekara huɗu ana koya masa bambancin ƙasa da kasa, da ɓata da bata, bai kamata na'ura ta sa ya watsar ba. Abin da na fi gani shi ne suna ya riƙe ƙugiyarsa, amma kada hukuncin togaciya ya rataya a kanta. A keɓe folda ɗaya mai suna da haruffa marasa rikici, kamar shara ko amana, duk abin da ba a son kwafewa a tura shi can, a toge ta da zubi ɗaurarre irin na (9). Ta haka mutum ne ke yanke hukunci a kan kowane fayil da hannunsa, tauraro kuwa a bar masa tarkacen na'ura kaɗai, irin su ~$* da Thumbs.db. Ko a nan ma sai an san manhajar da ake aiki da ita. Kafin siga ta 3 ta Audacity, wadda ta fito a 2021, aikin sauti kashi biyu ne, ɗan ƙaramin fayil mai wutsiyar .aup da wata folda mai ƙarewa da _data cike da gutsattsarin sauti. Foldar ta yi kama da tarkace ƙwarai, amma ita ce sautin. Wanda ya toge ta ya ajiye kwanon da babu tuwo.

Gwaji

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a amince da kowane zubi ana iya sa rsync ta yi kwafin ƙarya, watau ta lissafa abin da za ta yi ba tare da ta taɓa kome ba, ta hanyar ƙara harafin n:

(12) rsync -avvn --exclude-from=togaciya.txt Bincike/ ajiya/

An ninka v ne da gangan, domin da haka manhajar za ta ambaci kowane fayil da ta ɓoye tare da zubin da ya sa ta ɓoye shi. Wannan jeri na waɗanda aka bari shi ya fi cancantar karatu, ba na waɗanda aka ɗauka ba, kuma da na karanta shi sau ɗaya cikin wata biyar ɗin nan da na ga sunan tsohuwa. A Git umarnin check-ignore tare da -v shi ke yin wannan aiki.

Gwajin ya zama wajibi ninki biyu ga mai amfani da --delete-excluded. A al'ada, idan aka ƙara sabon zubi, abin da ya riga ya shiga ajiya yana nan ba a taɓa shi. Wannan umarni kuwa cewa yake a bi ajiyar a share duk abin da togaciya ta kama, don haka zubi ɗaya mara kyau zai hana sabon kwafi, ya kuma cinye tsohon da ke nan tun bara.

Bayan kwafi na gaskiya kuma akwai ƙidaya. A ƙirga fayilolin da ke cikin Bincike, a ƙirga na cikin ajiya, a ɗebe wannan daga wancan, sannan mutum ya tabbata zai iya ba da bayanin kowane ɗaya daga cikin ragowar. Daga nan a ɗauko fayil biyu ko uku daga ajiyar a buɗe su a wata kwamfuta, sauti a saurare shi har ƙarshe. Ni yanzu farkon kowane wata nake yin haka. A na watan jiya ragowar ta kama fayil 41. Arba'in na san su, tsofaffin babuka ne da tarkacen Word. Na ɗayan kuwa hoton takardar izini ce wadda ɗan tsohuwar nan ya sa wa hannu a madadinta, na ja ta cikin shara ban sani ba ranar da nake gyaran foldoji. Na mayar da ita cikin foldar hira, na sake kwafin, ragowar ta dawo 40.